Shanyar Da Na Yi A Banyo

Tun da na dawo ban huta ba. Duk wadda ta shigo yi mini barka da zuwa sai ta gyara zama ta ce, "To Asabe, ba mu labari." A kasuwar Kankia ma, mai sayen kauɗa sai ta tsaya ta ji ko da gaske ne akwai garin da ake hura wuta a ɗaki da rana tsaka. Na gaji da maimaitawa, kuma na lura labarin ya fara ƙiba a bakin mutane, har an ce wai jirgin sama muka hau. Shi ya sa na ɗauki biro, da ɗan bokon da na samo a ajin yaƙi da jahilci, in rubuta sau ɗaya kowa ya ƙyale ni.

Ni sana'ata shanya ce. Fiye da shekara talatin ina yanka tumatir da tattasai da kuɓewa a Kusada, in busar in kai Kankia. Rabi kuwa ɗiyar yayana ce, Malam Isiyaku na Dudunni, kuma ni na fara yi mata wanka ranar da ta zo duniya. Karatu ya kai ta jami'a, tana neman digiri na uku a kan tsirrai. Akwai wani ɗan itace da ba ya fitowa sai a kan duwatsu masu sanyi, shi take bi. Ta sha wahala kafin ta samu takardun izinin tsinko ganyensa a Mambila da kuma cikin Kamaru, sai ga Yaya ya kafe.

"Ɗiya mace ta tahi har Kamaru ita kaɗai, wai neman haki? Ban yarda ba."

Na ce, "Yaya, in rakiya ce ai ga ni."

Gaskiya cika baki na yi. Na ɗauka Kamaru kamar Maraɗi ce, a tafi da safe a ci tuwon dare a can. Sai da muka kwana a Gombe, muka haye gadar Numan, muka sake kwana a Jalingo, direba ya ce mini tafiya ba ta ma fara ba, sannan na san abin da bakina ya jawo mini.

A cikin motar Jalingo zuwa Serti ne na ce wa Rabi ta gaya mini abin da muka fito nema, don kada in mutu a hanya ban san dalili ba.

"Gwaggo, kin san tumatir da tattasai da gauta da dankalin turawa duk gida ɗaya suke?"

"Wanga ai na sani. Hurensu ma iri ɗaya ne."

"To har da taba, har da zaƙami."

Na ce a'uzubillahi, zaƙamin da ke haukata mutane shi ne ɗan'uwan tumatirina? Ta yi ta dariya. Da na yi tunani sai na ga mu ma a danginmu akwai irinsu, ba sai na kama suna ba.

Ta ce itacen da take bi shi ma na wannan gidan ne. A zamanin da, ƙasa ta fi haka sanyi, kurmi ya haɗe duwatsun nan. Da zafi ya zo sai itacen ya yi ta ja da baya zuwa sama, kowane dutse ya riƙe nasa, tsakaninsu ƙasa mai zafi da ba zai iya rayuwa a cikinta ba. Abin da take son sani shi ne, na Mambila da na Kamaru har yanzu abu ɗaya ne, ko sun daɗe da rabuwa har kowane ya zama iri dabam? Kuma wanne ya fi kusa da 'yan'uwansu na duwatsun Habasha? Na ce kamar dai mutanenmu da suka koma Maraɗi tun kakanni, a duba a ga ko zumunci na nan. Ta ce haka ne, sai dai itace ba ya magana. A cikin kowane ganye akwai rubutun gado da na'ura ke karantawa. Aikinmu kawai mu tsinko, mu busar da wuri, kowane itace da ambulan ɗinsa da lambarsa.

Da na ji "busar" sai na miƙe wuya. Na ce ashe dai ba banza na zo ba.

Hawan Mambila ba zan iya kwatanta muku shi ba. Hanya ce ta naɗe dutse, mota na kuka, gefe guda rami wanda ba a ganin ƙarshensa. Na karanta duk addu'ar da na sani, na dawo farko. Wata mata kusa da ni kuwa tana ta ɓare ayaba tana ci, ko a jikinta. Kunnuwana suka toshe, na ɗauka kurma na zama, matar ta ce in haɗiye yawu. Da muka kai sama na ga ciyawa kore shar har iyakar gani, shanu sun yi ƙiba har ba sa son tafiya. Na tuna shanun Fakuwa, can wajenmu, a watan bazara, na ji tausayinsu ya kama ni.

A Nguroje muka sauka gidan wata Kirista, Maman Talatu, wadda ke saukar da masu irin aikin Rabi. Mace mai fara'a, sai dai Hausarta ba ta san mace ba ta san namiji. "Mama, ka zo lafiya? Ka zauna kusa da wuta." Na waiga in ga namijin da take wa magana. Sanyi kuwa, zane uku na ɗaura da rigar sanyin mijinta a sama, ban ji kunya ba. Alwala sai da ruwan zafi.

Ta kawo tuwon masara da wata miyar ganye mai ɗan ɗaci-ɗaci, ta ce sunanta kumbi. Na ci na ƙara. Da safe ta nuna mini ganyen a lambunta, na riƙe baki. Gautan kaji ne! Abin da muke tumɓukewa a gona mu jefar, su nomansa suke yi a kunya-kunya, har da ba shi taki. Rabi ta ce shi ma ɗan gidan tumatir ne. Na ce to ni dai kada a faɗa a Kusada cewa na ci haki har da neman ƙari. Ga shi yanzu ni da kaina na faɗa.

Kwana tara muka yi muna shiga kurmi. Itacen nan da aka sha wannan tafiya dominsa, da na gan shi sai da na ce, "Shi ke nan?" Bai fi tsayin mutum biyu ba, ganye fala-fala, fure ƙanana a hammatar reshe, 'ya'ya kamar mitsi-mitsin gauta masu ruwan goro. Amma Rabi ta tsaya gabansa kamar ta ga ɗan'uwan da ya daɗe a Makka. Takan tsinki ganye matasa ta sa a ƙaramin ambulan, ta rubuta lamba, ta jefa a leda mai wasu ƙwayoyi kamar gishiri. Ƙwayoyin ne ke shanye danshi. Idan suna da ƙarfi ruwan lemo ne, idan sun ƙoshi sai su koma kore. Ni aikina riƙe leda. Sau biyu na ce mata a ba ni rana ɗaya da tabarma in gama mata wannan aikin, ta ce, "Gwaggo, ina ranar take?" Gaskiyarta, tun da muka hau ban ga rana ta yi awa guda a waje ba.

Daga nan sai Kamaru, a kan babur, ta Mayo Ndaga zuwa Kan Iyaka. Mai babur ɗina dattijo ne mai gemu, ya ce in riƙe ƙarfen baya da kyau. A wani gangare taɓo ya kwashe mu, muka kwanta a hankali kamar an shimfiɗa mu. Ba wanda ya ji ciwo, sai dai na shiga ƙasar mutane rabin jikina ja.

A kan iyaka wani jami'i ya duba katin rigakafinmu da takardun Rabi, ya ɗaga ledar ƙwayoyin yana juyawa yana tambaya da Faransanci. Rabi ta yi ta bayani. Sai ya juyo kan jakata, ya kwance ƙullin daddawar da na taho da ita tun daga gida. Ya ja da baya da sauri, ya ce da karyayyar Hausa, "Mama, wannan ya mutu tun yaushe?" Kowa a wurin ya fashe da dariya, har shi. Ya buga mana hatimi ya ce mu wuce, mu tafi da gawarmu.

A Banyo muka sauka unguwar Hausawa, gidan Hajiya Dudu, wadda ta ce kakanta fataucin goro ya kawo shi daga ƙasar Katsina bai koma ba. Ta rungume ni kamar ta san ni. Hausarsu da daɗi, amma rabi Fulatanci ce, da ɗan Faransanci a kai kamar yaji. Karin kumallonsu burodi ne dogo kamar sandar makiyayi, da ɓawo mai yanka dasashi, a tsoma a ruwan kofi. Akwai kuma rogo da ake naɗewa a ganye a dafa, yana da tsami, yana kama haƙori. Na ba Hajiya Dudu daddawata, ta sa a miya, ta ce rabon da ta ji wannan ƙamshin tun mahaifiyarta na da rai.

Dutsen da Rabi ke so yana bayan gari da nisa. Wani Bafulatani, Malam Buba, shi ya yi mana jagora. Babur ya kai mu gindin dutsen da sassafe, sauran kuwa da ƙafa. Malam Buba ya girme ni, amma tafiya yake kamar a tsakar gida, yana waigowa yana cewa, "Saura kaɗan, Hajiya." Kaɗan ɗin nan ya kai azahar. Gwiwoyina suka yi ta ƙara, ruwa ya yi mana duka sau biyu. Muka samu itacen a bakin wani kurmi can ƙoli, Rabi ta cika ambulan goma sha biyu. Da muka sauko na ɗaga hannu na ce, Malam Buba ka shaida, ni da dutsen nan sai a lahira.

Washegari Rabi ta duba kayanta ta ɓata fuska. Ƙwayoyin leda biyu sun koma kore, ledar dutsen jiya da ta kurmin ƙarshe da muka shiga a Mambila. Ta ce in ba a yi wani abu ba ganyen zai yi fumfuna. Amma dole ta fara zuwa ofis a sa mata hannu a takardar fita da ganyen, domin izininta na Kamaru saura kwana biyu ya ƙare. Ta ce in ta dawo za ta soya ƙwayoyin a kasko su farfaɗo. Ta fita.

Ba ta daɗe da fita ba rana ta buɗe. Rana ta gaske, irin tamu. Ku da kuka san ni, ku gaya mini, yaya za a yi in ga rana haka, ga kaya masu danshi a ɗaki, in zauna? Na shimfiɗa zanena a tsakar gidan Hajiya Dudu. Ban yi ganganci ba, Allah ya sani. Na zazzage kowane ambulan dabam, kashi-kashi, na danne ambulan ɗin da tsakuwa kusa da kashinsa. Na Kamaru a dama, na Mambila a hagu. Na ɗauki kara na zauna ina korar kaji, ina jin daɗin yadda Rabi za ta dawo ta ga aikin gwaggonta. Ganye ya fara bushewa ƙarau.

Sai iska ta kaɗa, na ɗaga kai na ga hadari ya taso baƙi ƙirin ta bayan gida, ɗigo ya fara sauka. Ban yi tunani ba. Hannuwana ne suka yi abin da suka saba yi shekara talatin duk ranar da hadari ya taso wa shanya. Na kama kusurwa huɗu na zanen, na haɗe su, na ruga ɗaki. Har ina cewa alhamdulillahi ko ɗigo bai taɓa ba. Sai da na buɗe zanen a kan gado na ga abin da na aikata. Ganye duk ya taru a tsakiya, ambulan da tsakuwa a kai. Na Mambila da na Kamaru, waɗanda aka yi wannan doguwar tafiya don a bambanta su, na gama su kamar kayan miya.

Sannan Shaiɗan ya zo ya zauna kusa da ni. Ya ce, ke da kike bambanta tumatirin fadama da na tudu bayan ya bushe, wannan ne zai gagare ki? Na zauna na ware su da ido. Wannan ya fi duhu, na Kamaru ne. Wannan tsutsa ta ci gefensa, na tuna shi a Mambila. Na mayar da su ambulan-ambulan, na rufe, na jera a leda yadda suke.

Rabi ta dawo bayan azahar da murnarta, an sa hannu. Ta buɗe ambulan ɗaya ta taɓa, ta ce, "Kai, ashe sun bushe! Na tayar da hankalina a banza." Hajiya Dudu ba ta gida lokacin shanyar, ba wanda ya gani sai kaji. Aka kawo abinci na ture shi gefe. Na yi la'asar ban san abin da na karanta ba. Da na sallame na ce mata, kamar hira:

"Rabi, in ganyen wanga dutse ya shiga ambulan ɗin wancan, mi za ya hwaru?"

Tana rubutu, ba ta ko ɗago ba. "Ai shi ne abin da ya fi komai muni, Gwaggo. Gara ya ruɓe, in san na rasa. In ya shiga na wani, na'ura za ta karanta abin da aka ba ta, in rubuta cewa 'yan'uwa ne alhali ba haka ba ne, ko in raba waɗanda suke ɗaya. Da sunana a kai. Wasu su ɗauka su yi gini a kansa. Ni kaina ba zan taɓa sani ba."

Wannan "ba zan taɓa sani ba" ita ta karya ni. Na gaya mata komai, har da warewar da na yi da ido.

Na so ta yi mini faɗa. Wallahi da ta ɗaga murya da na ji sauƙi. Amma ɗiyar Yaya ce, ba za ta iya ba. Idonta ya kawo ruwa, ta ce, "Ba komai, Gwaggo." Ta ɗauko ledojin biyu ta zauna bakin ƙofa tana soke lambobin ɗaya bayan ɗaya a littafinta. Na Mambila za a iya sake tsinka a hanyar komawa. Na Kamaru kuwa kwana ɗaya ya rage, gobe ko babu. Ta aika wa Malam Buba, ta soya ƙwayoyinta a kaskon Hajiya Dudu har suka dawo ruwan lemo, ta ce ni in zauna gida in huta da gwiwa.

Da asuba ta fito ta same ni zaune a kan babur, na ɗaure gwiwoyi da tsumma. Malam Buba ya ce, "Hajiya, ba ke kika sa ni shaida ba?" Na ce ya ja bakinsa ya yi shiru, kaffara zan yi.

Hawan na biyu ya fi na farko wahala, don wannan karon ba mai hira. Rabi na gaba, ina baya ina nishi. In na tsaya ta tsaya ta jira ni. Hazo ya rufe mu har Malam Buba ya ɓata hanya sau ɗaya, muka yi ta zagaye, ina cewa a raina shi ke nan na kashe wa yarinya karatu. Can wajen azahar hazon ya yaye, sai ga kurmin, ga itatuwan nan tsaye da 'ya'yansu ruwan goro. Ban taɓa murnar ganin haki irin ta ranar ba.

A gidanmu ban taɓa ganin gwaggo ta ba ɗiyar ɗan'uwanta haƙuri ba. In babba ya yi wa yaro laifi sai dai ya aika masa da ɗan abin daɗi, an gane, an wuce. Amma a kan dutsen nan ba ni da abin aikawa. Da ta rufe ambulan na ƙarshe na kama hannunta na ce, "Rabi'atu, ki yahe mini."

Ta durƙusa nan cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa. "Haba Gwaggo, don Allah ki bari, kada ki sa ni kuka gaban mutane." Ai kuwa ta riga ta fara, ni ma haka. Malam Buba ya juya baya yana duban shanun da babu su. Da ta share ido ta ce, "Na yafe. Amma zanen nan naki ni zan riƙe shi har Kusada." Muka yi dariya har tari ya sarƙe ni.

Mun tsaya Nguroje kwana biyu muka sake tsinko na Mambila, na sake cin kumbi, muka kamo hanyar gida. Masu tambayata ko itatuwan 'yan'uwa ne ko sun rabu, ban sani ba tukuna. Ganyen na can ɗakin bincike, kowane a ambulan ɗinsa, Rabi ta ce aikin zai ɗauki watanni.

Mun iso Dudunni ana tsakiyar yankan gero. Yaya na zaune a tsakar gida, dangi sun cika ana ta yi mana sannu da hanya. Ya dube ni ya ga yadda nake ɗingishi, ya ce, "To Asabe, ɗiyar taki ta ba ki wahala ko?"

Kafin in buɗe baki Rabi ta ce, "Baba, ba don Gwaggo ba da aikin bai yiwu ba."

Kowa ya hau sa mini albarka. Da na yi shiru da an tashi a haka, ni ce jaruma. Na ce, "Yaya, ruhe mini asiri take. Ni na ba ta wahala." Na kwashe labarin shanyar tas na faɗa gaban kowa. Matan gidan suka yi ta dariya, kowace na cewa wallahi ita ma kusurwa huɗun za ta kama.

Yaya bai yi dariya ba. Ya ce, "Duk wanga abu, ba ta hwaɗa miki baƙar magana ba?"

"Ko ɗaya."

Ya dubi ɗiyarsa. Sannan ya sa gefen rawaninsa ya goge ido, ya ce, "Matso nan, Rabi'atu." Ya ɗora mata hannu a ka. "Allah shi yi miki albarka, ke da hakin naki."